Ikon wutar lantarki ya sauko hannun jihohi: da me Katsina za ta fara?

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ya san dogayen turakun ƙarfen nan da ke jere a filin Lambar Rimi, kowanne da fukafukai biyu a kansa. Injunan samar da lantarki ne daga iska, guda 37, kowanne an ƙera shi ya ba da kilowat 275, wato jimilla megawat 10 da 'yan kai. Tunanin aikin ya faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, gwamnatin tarayya ta karɓe shi bayan ya zama shugaban ƙasa a 2007, sannan aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar. A watan Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin daga masaukinsa a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamban 2013, kuma daga nan aikin ya shiga jan ƙafar da ya ci shekaru da dama fiye da wa'adin da aka ɗibar masa. A duk tsawon lokacin iska ba ta daina kaɗawa a Rimi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsaro, da sakin kuɗi a kan kari, da wanda zai ɗauki nauyin kula da injunan bayan an kafa su.

Na fara da wannan aiki ne saboda yanzu ana yawan cewa jihohi sun samu ikon samar da wutarsu, kuma abin da ke fara faɗo wa mai mulki a rai idan ya ji haka shi ne katafariyar tasha wadda za a tara jama'a a yanke mata ƙyalle. A ganina jiha irin Katsina za ta fi cin riba idan ta fara da toshe wutar da ke zurarewa a gine-ginenta, da biyan kuɗin wadda ta sha, da tanadar mai gyara, kafin ta kai ga zancen sababbin megawat. Amma kafin a kai nan, ya kamata a fahimci abin da doka ta canja.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya lantarki cikin al'amuran da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, sai dai ya ɗaure jihohi da sharaɗi guda: majalisar jiha ba za ta yi doka kan samarwa da rarraba wuta ba sai a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. Ke nan ƙauyen da ba a taɓa kafa masa falwaya ba yana hannun jiha, amma birnin Katsina da Daura da Funtuwa, inda masu sana'a da masu iya biya suke, sun fi ƙarfinta. A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya cire wannan sharaɗi, sannan a watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin dokar 2005. Waccan tsohuwar dokar ita ce ta rushe NEPA, ta kafa hukumar NERC mai sa ido da yanke farashi, da hukumar REA mai kula da wutar karkara, ta kuma share fagen sayar da kamfanonin rarraba wuta guda 11 daga Nuwamban 2013. KEDCO, wanda ke riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, ɗaya ne daga cikinsu. Manyan layukan dakon wuta kuwa suka ci gaba da zama a hannun gwamnatin tarayya ƙarƙashin kamfaninta na TCN. Har gobe dai idan an kawo wuta yara NEPA suke kira, suna kuwa ba ya mutuwa da sa hannu a takarda.

Sabuwar dokar ba ta miƙa wa jiha iko kai tsaye ba. Sai majalisar jiha ta yi tata dokar lantarki, an kafa hukumar da za ta sa ido, an sanar da NERC a rubuce, sannan kamfanin rarraba wutar ya ware reshe na musamman da zai kula da wannan jiha kaɗai, a kammala miƙa ragamar cikin wata shida. Inugu da Ekiti da Ondo su ne suka fara bin wannan hanya a Afrilun 2024, Legas ta biyo baya a ƙarshen shekarar. Duk wutar da ta tsallaka iyakar jiha, ko ta biyo ta babban layin ƙasa, hukuncinta yana nan a Abuja.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi shafar mu, domin kusan duk wutar da ke shigowa Katsina baƙuwa ce. Daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas na kudu take tasowa, ta iso Kumbotso a Kano, sannan ta biyo layi ta Kankiya zuwa Katsina da Daura, yayin da Funtuwa ke sha daga ɓangaren Zariya. Ƙasar gaba ɗaya takan samar da megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku, alhali injunan da aka kafa sun kai na megawat 13,000, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi kason KEDCO kashi 8 ne cikin 100. Idan an samar da 4,000, jihohi uku za su raba 320 ke nan, cikinsu har da Kano da masana'antunta na Sharaɗa da Bompai da Challawa. Wanda ke ƙarshen layi shi ne farkon shiga duhu, kamar yadda aka gani a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda babu wuta. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda ba su manta ba. Abin lura kuma, daga tashar TCN da ke Katsina layi ke fita zuwa yankin Maraɗi, don haka mu ba ƙarshen layi ba ne kaɗai, mashiga ce ta cinikin wuta tsakanin ƙasashe biyu, kuma wannan ma ba hurumin jiha ba ne.

To, me jiha ta samu idan ta karɓi ragama? Ta samu ikon ba da lasisi ga mai son kafa tasha ko rarraba wuta a cikin iyakarta, da ikon yanke farashi, da sauraron ƙorafin masu mita da masu bil ɗin ƙiyasi. Ikon yanke farashin shi ne mai zaƙi a baki, shi ne kuma mai ƙaya. Tun Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto da shi zuwa 200 da 'yan kai. Sauran rukunai, daga B mai awa 16 zuwa E mai awa 4, suna biyan ƙasa da abin da aka kashe wajen samar da wutar, gwamnatin tarayya ce ke alkawarin cike giɓin. Da hukumar Inugu ta rage farashin rukunin A zuwa naira 160 a 2025, nan take kamfanonin samar da wuta da NERC suka ce ba ta saɓu ba, tunda wutar daga babban layi take zuwa, kuma wanda ya rage farashi shi ya kamata ya biya cikon. Katsina ba ta da kuɗin shigar Legas. Gwamnan da ya yi wa jama'a alkawarin wuta mai arha ba tare da ya nuna daga wane aljihu cikon zai fito ba, bashi ya ɗauko wa wanda zai gaje shi. Kuma tunda layuka da tiransifomomin jihohin uku a sarƙe suke ƙarƙashin kamfani guda, hankali ya fi kwanciya da su daidaita dokokinsu da juna, maimakon kowace ta kafa hukuma da ma'aikata da motoci don sa ido kan megawat ɗari.

Akwai wani darasi da ya fi na Lambar Rimi bayyana inda gizo ke saƙa. A Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu kan yarjejeniyar sayen wuta da kamfanonin sola 14, jimillar fiye da megawat 1,000, a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane yunit, kuma cikinsu akwai tasha mai megawat 75 da aka tsara kafawa a Kankiya. Rana tana nan, fili yana nan, masu zuba jari sun zo, amma aka shafe shekaru ana jayayya kan farashin da kuma takardar lamunin da za ta tabbatar wa mai bashi cewa za a biya shi, har maganar ta bi ruwa. Banki ba ya ba da rance don rana tana da zafi, yana bayarwa ne idan ya ga mai saye wanda ba ya cin bashi. Kafa tasha kafin a samu wannan mai sayen riga malam masallaci ne.

Nan ne zancen tsimin wuta ya shigo. Tsimi a nan ba zama cikin duhu ko haƙuri da zufa ba ne, samun haske da iska iri ɗaya ne da wuta kaɗan. Bari mu ƙaddara wani asibiti mai fanka 100 da dogayen ƙwayayen fitila 200. Tsohuwar fankar silin tana jan wajen wat 75, dogon ƙwai na da yana jan wat 40, jimilla kilowat 15 da rabi. Idan aka sa fanka ta zamani mai jan wat 30 da ƙwan LED mai wat 18, nauyin ya sauko zuwa kilowat 6.6. A aikin awa 12 a rana, yunit 186 ya koma 79. Bambancin yunit 107 ne kullum, wato sama da naira 21,000 a farashin rukunin A, fiye da naira 600,000 a wata. Idan da janareta ake kunna su asarar ta fi haka, domin litar man gas guda wajen yunit uku take bayarwa, kuma da lita ta haura naira 1,000 kowane yunit ya wuce naira 300 tun ba a sa kuɗin baƙin mai da na makanike ba. Sai kuma a duba ta fuskar sola. A yankinmu farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya suna ba da kimanin yunit huɗu da rabi a rana, saboda haka asibitin farko yana buƙatar farantai na kilowat 41, na biyu kuwa 18 sun ishe shi, haka ma batir da inbata za su ragu da fiye da rabi. Wanda ya ɗora sola a kan tsofaffin fankoki ya sayi farantai da batura ninki biyu don ya ciyar da ɓarna. Kuɗin da zai haskaka asibiti ɗaya da ya haskaka biyu.

Wannan lissafi ba ya buƙatar izinin Abuja, kuma bai jira gyaran kundin tsarin mulki ba. Ingancin kayan da ke shigowa ƙasa aikin hukumar SON ne, mai tabbatar da ingancin kayayyaki ta tarayya, amma abin da jiha ke saye da kuɗinta ita ke da ta cewa a kansa. Takarda guda daga ofishin da ke tantance kwangiloli, wadda ta ce daga yau ba za a biya kuɗin fanka ko ƙwai ko na'urar sanyaya ɗaki ko famfon tura ruwa ba sai ya cika ƙa'idar tsimi, za ta yi aikin da ƙaramar tasha ba za ta yi ba. Famfunan tura ruwa ma sun cancanci a fara da su, domin injunan da ke turo ruwa daga Ajiwa da Zobe suna cikin manyan masu shan wuta da gwamnati ke biya wa, kuma tsohon famfo ko bututu mai yoyo wuta yake zubarwa tare da ruwan. Kafin komai dai sai an sa mita a kowace ma'aikata da makaranta da asibiti, a san abin da kowanne ke sha a wata, a sa shi cikin kasafin wannan ma'aikatar, a kuma biya. Bashin da ma'aikatun gwamnati ke tara wa kamfanonin rarraba wuta tsohon ciwo ne a faɗin ƙasar nan. Gwamnatin da ke biyan bil ɗinta a kan kari ta zama irin mai sayen nan da banki ke nema, kuma da wannan shaida kaɗai za ta iya kiran mai jari ya kafa sola da kuɗinsa a sakatariya ko babban asibiti, ita kuma ta riƙa sayen yunit.

Gini ma yana shan wuta tun kafin a sa masa waya. Magina na da sun san haka ko da ba su kira shi da wannan suna ba: bangon tubali mai kauri yana riƙe zafin rana bai bari ya shiga ɗaki sai dare ya yi, rufin soro na azara da ƙasa ba ya gasa na ciki, tagogi ƙanana ne, tsakar gida kuma da bishiyar inuwa. Wanda ya shiga tsohon zaure a cikin birnin Katsina ko Daura da tsakar ranar bazara, ya fito ya shiga ofis mai bulo inci shida da kwano ba silin kirki da gilasai suna kallon yamma, ba ya buƙatar injiniya ya yi masa bayani. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa gaba ɗaya ba, yaɓe duk shekara ma ɗawainiya ce. Amma tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana kan girman taga, da inuwa, da abin hana zafi a ƙarƙashin rufi, kuma ba ta da haƙori sai jiha ta sa ta cikin sharuɗɗan ba da izinin gini. Hukumar tsara birane ta jiha ita ke buga hatimi a kan zanen gini. Ko da a gine-ginen gwamnati da manyan shaguna kaɗai aka fara, za a rage na'urorin sanyaya ɗakin da za a yi shekara talatin ana ciyarwa.

Ƙananan hukumomi 34 kuwa kundin tsarin mulki ya riga ya damƙa musu kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da fitilun titi, da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwa wani zance ne daban. A wannan mataki matsalar ba ta rashin sola ba ce. Da wuya ka shiga gari ba ka ga fitilun titi masu sola da rijiyar burtsatse mai farantai a sama ba, kuma da wuya ka rasa waɗanda suka mutu a cikinsu. Dalilan sanannu ne. Batir mai ruwa a zafin da ke haura digiri 40 ba ya wuce shekara biyu zuwa uku, na litiyam ya fi daɗewa sosai amma ya fi tsada, shi ya sa ɗan kwangilar da ba a gindaya wa sharaɗi ba yake zaɓar na farkon. Ƙurar hunturu tana rufe farantai, in ba a wanke ba wutar ta ragu, zafin bazara shi ma yana rage ƙarfinsu. Sannan an yi kasafin saye ba a yi na gyara ba. Maganin a cikin takardar kwangila yake: a riƙe wani kaso na kuɗin, a riƙa biya duk shekara gwargwadon fitilun da aka ƙirga suna ci, a kuma horar da matasan garin, waɗanda dama su ke haɗa sola a gidaje da shagunan cajin waya, su zama masu kula. Firjin rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa su ya kamata su riga fitilar bakin titi samun batir mai kyau, ko da yake ta bakin titin ce ake gani daga mota.

Ga garuruwan da layi bai kai ba, ko ya kai amma wutar sai an ga dama, akwai tsarin ƙaramar tashar gari, wadda ke da farantanta da baturanta da wayoyinta da mitoci. Ƙa'idar NERC ta 2016, wadda aka sabunta a 2023, ta yarda da irin wannan tasha har zuwa megawat ɗaya, wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata, in kuma za a jona ta da layin kamfanin rarraba wuta sai an ƙulla yarjejeniya tsakanin mai tashar da kamfanin da mutanen gari. Kuɗin tallafi ma akwai, domin a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na kai wutar sola ga garuruwa, wanda REA ke gudanarwa. Jihar da ta tanadi fili ba rigima, da ƙidayar gidaje da sana'o'in kowane gari, da izini a ofis guda, ita masu jari za su fara nufa. Abin da ke raya irin wannan tasha shi ne aikin rana. Gidaje da dare suke son wuta, wutar dare kuwa daga batir take fitowa, shi ne mafi tsada a cikin kayan. Injin niƙa, da na casar shinkafa, da walda, da firjin masu ƙanƙara, da injin ban ruwa na masu noman rani a Jibiya ko Ɗanja, su ne ke shan wutar a lokacin da rana ke bayar da ita kai tsaye, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 manoman rani da kansu suke neman famfon sola. A nan akwai tarko ga mai tsarawa daga ofis: babbar kasuwar mako irin ta Mai'aduwa ko Caranci tana cika maƙil rana guda, sauran kwanaki shida rumfuna ne da iska, saboda haka tashar da aka auna da cinikin ranar kasuwa za ta yi kwana shida tana samar da wutar da ba mai saye.

Duk wannan zancen lantarki ne, alhali makamashin da gidajen jihar nan suka fi ƙonawa ba ya bi ta waya. Itace ne da gawayi da kara. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi saboda hamada na matsowa, kuma a yankin Daura da Baure da Zango mace ta san nisan da ake yi yanzu kafin a samo abin hura wuta, ta kuma san abin da hayaƙi ke yi wa ido da ƙirji. Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafin ya tsere ta gefen tukunya. Murhu mai tsimi, na ƙarfe ko na yumɓu, yana rage itacen da rabi ko fiye, kuma an taɓa gwada haɗa shi da renon bishiyoyi a gonaki a ƙananan hukumomi bakwai na shiyyar Daura, da tallafin Tarayyar Turai. Rabon murhu kyauta gida-gida yana da wuyar ɗorewa, domin in ya fashe ba mai sayarwa a kusa, kuma in bai ɗauki tukunyar tuwon gidan ba uwargida za ta jingine shi a bayan ɗaki. Ya fi kyau a koya wa maƙera da masu ginin tukwane na gari su riƙa yi suna sayarwa. Inda gwamnati ke da cikakken iko kuwa shi ne madafar makarantun kwana da asibitoci, waɗanda ake kai wa itace a mota duk zango. Ma'aikatar ilimi ta san yawan makarantun, ta san yawan tukwanen kowace madafa, ta kuma san nawa take biyan ɗan kwangilar itace, don haka za ta iya gina manyan murahu masu bututun hayaƙi a makarantu biyar, ta auna itacen da suka ci a zango guda, ta kwatanta da na zangon da ya gabata.